Sharhi kan CustomPaint na Flutter: gina da'irar adashi don wayoyin da ke hannun mutanen Katsina

Duk wanda ya ɗan jima yana rubuta manhaja da Flutter, kayan aikin Google na gina manhaja, ya san inda kayan da Google ya tanada suke ƙarewa. Maɓalli akwai, jeri akwai, akwatin rubutu akwai. Ranar da mai aiki ya nemi abin da babu shi a cikin waɗannan, sai a koma ga CustomPaint, wato wijet (tubalin fuskar manhaja) ɗin da ke ba ka fili da alƙalami ka zana abin da kake so da kanka. Wannan sharhi a kansa yake. Wajen zane yana da kyau ƙwarai, kyauta ne, kuma abin da ka zana zai fito iri ɗaya a Android da iPhone da kwamfuta. Amma yadi yake miƙo maka, ba ɗinkakkiyar riga ba. Girma, taɓawa, rubutu, da yi wa makaho bayani, duk abubuwan da wijet na yau da kullum ke zuwa da su, a nan kai za ka ɗinka su ɗaya bayan ɗaya.

Don a auna shi da aiki na gaske, mu ɗauki abin da uwar adashi a Babbar Kasuwar Katsina ko a cikin garin Daura za ta amfana da shi: zobe guda da aka yanka gida-gida, kowane gida hannu ɗaya. Wanda ya riga ya kwasa da launinsa, wanda ke kan layi da nasa, wanda bai kawo zubi ba da alamarsa. A tsakiya a rubuta kuɗin kwasa, misali hannu 12 ana zubin ₦5,000 ya kama ₦60,000. In an taɓa gida, sunan mai shi ya fito. Flutter bai zo da irin wannan ba, kuma fakitocin zana jadawali da ke pub.dev, rumbun fakitocin Flutter, sun fi ƙarfin buƙatar, su kuma ƙara wa manhaja nauyi.

Dalilin da ya sa zane ke fitowa iri ɗaya

Flutter 1.0 ya fito a Disambar 2018, da harshen Dart ake rubuta shi. Abin da ya bambanta shi da React Native na kamfanin Meta shi ne ba ya aron maɓallan Android ko na iOS, shi yake zana kowane fiksel da injinsa. Da farko injin Skia ne. Daga baya aka kawo Impeller, wanda ya zama na asali a iOS tun Flutter 3.10 a 2023, sannan a Android tun 3.27 a ƙarshen 2024 ga wayoyin da ke da Vulkan, wato sabuwar hanyar da manhaja ke magana da injin hoton waya. Ma'anar wannan ga mai zana wijet ita ce CustomPaint ba wata ƙofar baya ba ce. Ita kanta CircularProgressIndicator, da'irar nan mai juyawa in ana jira, da CustomPainter aka yi ta. Kana amfani ne da kayan da masu gidan suke amfani da su, shi ya sa ba ya jan ƙafa. A React Native sai ka ƙara wani fakiti kamar React Native Skia na Shopify kafin ka samu irin wannan fili. A nan yana cikin akwati tun ranar farko, kuma wannan babban maki ne.

Tsarin bai da yawa. Ka rubuta kilas da ya gaji CustomPainter, ka cika ayyuka biyu: paint, wanda ake miƙa masa Canvas da Size, da shouldRepaint, wanda ke amsa eh ko a'a. Sai ka ɗora shi a kan CustomPaint. Ana iya koyon wannan a zama ɗaya. Abin da ke ɗaukar lokaci yana gaba.

Girma: inda kowa ke fara tuntuɓe

CustomPaint da ba shi da ɗa a cikinsa, ba a kuma ba shi girma ba, Size.zero yake ɗauka. Kod ɗinka daidai, babu jan rubutun kuskure, amma fuskar waya wayam. Ko kuma abin da ya fi ruɗarwa: zanen ya fito a kusurwar hagu ta sama ya hau kan wasu abubuwa, domin Canvas ba ya yanke abin da ya wuce iyaka sai ka umarce shi da clipRect. Wanda ya gaji da wannan sai ya sa Size.infinite, ya ga ya yi, sannan ya jefa wijet ɗin cikin ListView ko Column mai gungurawa, inda tsawo ba shi da iyaka, manhaja ta yi kuka. Maganin mai sauƙi ne ga zobe: a naɗe shi cikin AspectRatio mai 1, a cikin paint kuma a yi lissafi da size.shortestSide. Kada a taɓa rubuta adadi kai tsaye kamar 150 a matsayin faɗin da'ira.

Ga lissafin. Yawancin ƙananan wayoyin Tecno da Infinix da itel da ake gani a hannun 'yan kasuwa suna da fiksel 720 a faɗi, wanda galibi Flutter ke gani a matsayin 360 na lissafi. Ka cire 16 a kowane gefe, saura 328. Idan kaurin zoben 36 ne, to tazarar tsakiya zuwa layin zobe ba 164 ba ce, 146 ce, wato 328 a cire 36 a raba biyu. Dalili kuwa shi ne Paint mai salon stroke yana shimfiɗa kaurinsa rabi ciki rabi waje da layin. Wanda ya manta da wannan zai ga gefunan zobensa huɗu an aske su, ko sun taka abin da ke kusa.

Sai kusurwa. drawArc, mai zana yankin da'ira, da radiyan yake aiki, wato ma'aunin kusurwa da cikakken zagaye yake zama pi biyu, sifilinsa yana inda ƙarfe uku take a fuskar agogo, yana kuma tafiya yadda hannun agogo ke tafiya, domin a Canvas y ƙasa yake ƙaruwa. Mutum yana sa ran hannu na farko ya fara daga sama, don haka a fara daga pi bisa biyu mai alamar ragi. Kowane gida yana cin pi biyu a raba da yawan hannu, ga hannu 12 ya kama 0.524. Don a bar tsaga tsakanin gidaje, a mayar da fiksel zuwa kusurwa: fiksel 4 a raba da 146, kusan 0.027, a cire shi daga kowane gida. A bar strokeCap a kan butt yadda yake. Mai zagayen baki, wato round, ya fi kyau a ido, amma yana ƙara rabin kauri a kowane ƙarshe, fiksel 18 nan 18 can, ya cinye tsagar 4 ya hau kan maƙwabci. SweepGradient ma daga ƙarfe uku yake farawa, sai an juya shi da GradientRotation kafin launi ya dace da gidajen.

Akwai iyakoki biyu da ya kamata a tsare. Idan adashin bai da kowa tukuna, rabawa da sifili a Dart ba ta tsayar da manhaja in adadin double ne, tana ba da infinity, wanda ke rikiɗewa zuwa NaN, wato abin da ba adadi ba, ya lalata zane ba tare da ya faɗi daga inda ya fito ba. A duba wannan a layin farko na paint a fita. Idan kuma hannu ɗaya ne tak, kada a dogara da cikakken zagaye a drawArc. Su kansu masu Flutter suna rage 0.001 daga cikakkiyar da'ira a cikin CircularProgressIndicator saboda wannan. A yi amfani da drawCircle kawai.

A wannan ɓangare ba ni da ƙorafi mai yawa, lissafin sakandare ne. Sai dai zan so a ce CustomPaint yana gargaɗi a yanayin gwaji idan aka ba shi mai zane amma girmansa sifili, domin awannin da sababbin masu koyo ke ɓatawa a kan wannan ba kaɗan ba ne.

shouldRepaint da motsi

Wannan ɗan ƙaramin aiki shi ke raba wijet mai kyau da mai cin batir. Koyarwa da yawa a intanet suna rubuta true su wuce, wasu false su wuce, duka biyun ganganci ne. Daidai shi ne a kwatanta duk abin da zane ya dogara da shi: jerin hannaye, wanda aka zaɓa, launuka, girman rubutu. Tarkon yana wajen jeri. Idan ka riƙe List guda kana canza abin cikinsa, to tsohon mai zane da sabo abu ɗaya suke kallo, kwatancen zai ce babu canji, uwar adashi ta danna an biya, zobe ya ƙi motsi. Ko listEquals ba zai cece ka ba a nan, tunda jeri ɗaya ne ake kwatantawa da kansa. Sai ka riƙa ƙirƙirar sabon jeri duk lokacin da wani abu ya canza, abubuwan cikinsa su zama marasa canzawa masu == na kansu, sannan listEquals ya yi aikinsa. Haka ma launi: in ba ka sa shi cikin kwatance ba, mai waya ya koma yanayin duhu, komai ya canza ban da zobenka.

Wajen motsi kuwa, Flutter ya yi tanadi mai kyau da mutane da yawa ba su lura da shi ba. CustomPainter yana karɓar repaint a maginin kilas. Ka miƙa masa AnimationController, duk bugun da ya yi sai a sake zane kai tsaye, ba a sake build ba, ba a sake auna girma ba. Wanda ya kira setState a kowane firem yana sa waya ta yi aiki uku a maimakon ɗaya. Waya mai sabunta fuska sau 60 a daƙiƙa tana ba ka milisakan 16.7 ga kowane firem, mai 90 tana ba ka 11.1, mai 120 kuma 8.3. Wayoyi masu araha yanzu suna zuwa da fuska mai 90 a kan injin da bai da ƙarfi, wato lokaci ya ragu, ƙarfi bai ƙaru ba.

Sannan a naɗe zoben cikin RepaintBoundary, domin in ba haka ba motsinsa zai ja duk abin da ke shimfiɗa ɗaya da shi a sake zanawa, gungura jeri kuma zai ja shi shi ma. A kunna debugRepaintRainbowEnabled a gani da ido: duk abin da launin gefensa ke canzawa ana sake zana shi. Amma kada a bi kowane ƙaramin abu da RepaintBoundary, kowanne yana cin nasa wuri a ƙwaƙwalwa, wayar mai RAM gigabait 2 ba ta da rarar da za a yi wasa da ita. Abubuwan da suka fi tsada a cikin paint su ne saveLayer, da MaskFilter.blur na yin inuwa mai laushi, da yanka da Path mai sarƙaƙiya. Zoben adashi ba ya buƙatar ko ɗaya. In ana son haske-haske, a sa shi cikin launin Paint ɗin, ba a naɗe wijet da Opacity ba. Kuma a tuna da dispose na AnimationController.

Kada a yanke hukunci kan sauri daga yanayin debug. A can Dart na fassara kod ne yana tafiya, komai na da nauyi. A haɗa waya ta gaske, mafi rauni da ake da ita, a yi flutter run --profile, a buɗe DevTools a duba layukan UI da na raster daban-daban. In na UI ne ya yi tsawo, lissafinka ne a Dart. In na raster ne, abin da ka ce a zana ne ya yi wa injin hoto nauyi. Wayoyin da ke da Vulkan da waɗanda ba su da shi ba hanya ɗaya suke bi wajen zane ba, saboda haka gwaji a sabuwar waya kaɗai bai isa ba, a nemi tsohuwa.

Rubutu, wanda a nan ne ya fi ba Bahaushe wahala

Canvas ba shi da hanyar rubutu mai sauƙi. Sai ka gina TextPainter, ka ba shi TextSpan da textDirection, ka kira layout, sannan paint, kai kuma ka lissafa tsakiya ta hanyar cire rabin faɗi da rabin tsawo. Layout na rubutu yana da tsada, yin sa sau 12 a kowane firem na motsi asara ce. A gina su sau ɗaya a ajiye, a kira dispose idan an gama.

Mai zane ba shi da BuildContext, don haka bai san komai game da saitin waya ba. Dattijuwar da ta ƙara girman rubutu saboda ido, wanda Android 14 ke bari har kashi 200 cikin ɗari, za ta ga duk manhajar ta girma ban da lambobin zobe, sai fa in ka ɗauko MediaQuery.textScalerOf daga waje ka miƙa wa TextPainter. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin masu riƙe adashi da yawa ba yara ba ne.

Sai haruffanmu masu lanƙwasa: ɓ, ɗ, ƙ, ƴ. Yawancin salon rubutu na ado ba su da su. Flutter ba zai tsaya ba, zai aro harafin daga wani salo da ke cikin waya, sai ka ga suna kamar Ɗahiru ko Balƙisu harafi ɗaya ya fita daban da 'yan'uwansa, ko a wata wayar akwati ya fito a gurbinsa. Alamar naira ₦ ma haka take yi. Noto Sans yana da su duka. A sa fayil ɗinsa cikin manhajar ta pubspec.yaml. Fakitin google_fonts a yadda yake zuwa yana sauko da salon rubutu daga intanet ne lokacin da aka buɗe manhaja, abin da bai dace da mai waya a ƙauyukan Mai'adua ko Zango ba, inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa. A kashe wannan da allowRuntimeFetching. Akwai ma wata matsala a ɓoye: idan salon rubutu ya iso a makare, wijet ɗin Text yana ji ya gyara kansa, amma TextPainter da ka ajiye ba ya ji, sai ka saurari PaintingBinding.instance.systemFonts da kanka.

Ga mai son ajami, akwai Alkalami da Harmattan, salo biyu da SIL ta yi don rubutun ajami na Afirka ta Yamma, na farkon an tsara shi ne a kan hannun da ake rubutu da shi a ƙasar Hausa. Flutter yana haɗa haruffan Larabci yadda ya kamata, kuma wijet na yau da kullum suna juyawa da kansu ƙarƙashin Directionality. Canvas ba ya juyawa. Idan kana son zobe ya zaga ta ɗaya hannun ga mai karanta ajami, kai za ka juya alamar kusurwa, a zane da kuma a lissafin taɓawa. Abin takaici kuma, cikin harsunan da flutter_localizations ke ɗauke da su akwai Swahili da Amharic da Zulu, babu Hausa. Wanda ya sa ha, wato lambar harshen Hausa, a matsayin harshen manhaja sai ya rubuta nasa delegate, kilas mai kawo fassarar kalmomin Flutter, in ba haka ba abubuwa kamar mai zaɓen kwanan wata su ƙi buɗewa. Harshen da miliyoyin mutane ke magana da shi a Najeriya da Nijar bai cancanci wannan ba.

Shawarata a nan ita ce a rage rubutu a cikin Canvas iya yiwuwa. Lambobin gidaje, 1 zuwa 12, a zana su da TextPainter. Kuɗin tsakiya kuwa a sa shi a matsayin child na CustomPaint, Text na gaske cikin FittedBox. Ramin zoben faɗinsa 256 ne, murabba'in da zai zauna a ciki ba tare da taɓa gefe ba kusan 181, ya ishi ₦60,000 da ɗan bayani a ƙasa. Sunaye kuma su zauna a jeri na yau da kullum ƙarƙashin zobe. Rubuta suna a lanƙwashe a jikin da'ira yana yiwuwa da PathMetric, harafi-harafi, amma yana tsinka ajami, kuma babu mai iya karanta shi a tsaye a rumfa.

Taɓawa

Ga Flutter zobenka murabba'i ɗaya ne, bai san gida na uku ko na tara ba. Ka naɗe shi da GestureDetector, ka ɗauki localPosition daga onTapUp, ba globalPosition ba, ka cire tsakiya. Nisa zai gaya maka ko yatsa yana kan zobe, atan2 ya ba ka kusurwa. Ka ƙara pi bisa biyu, ka ɗauki saura da pi biyu. Dart ya kyauta a nan, domin alamar % tasa ba ta ba da adadi mai ragi, ba kamar JavaScript ba. Ka raba da girman gida da ~/, lambar hannu ta fito.

Ƙa'idar Material, tsarin zanen manhaja na Google, ta ce abin taɓawa kada ya gaza 48 a faɗi da tsawo. Zobenmu kaurinsa 36, saboda haka a karɓi taɓawa daga nisan 116 zuwa 164, wato a faɗaɗa ta ciki inda ido ba ya gani. Ta zagaye kuwa, kewayen zoben kusan 917 ne, a raba da 48 ya ba da 19. Ma'ana, adashin da ya wuce hannu 19 ya fi ƙarfin wannan zane a ƙaramar waya. Adashin kasuwa na kullum yakan kai hannu 30, kowane gida ya koma fiksel 30 da ɗoriya, yatsa ya riƙa faɗawa gidan maƙwabci. A harkar kuɗi wannan rigima ce, ba ado ba. Idan hannaye sun wuce haka, zoben ya zama na kallo kawai, zaɓi ya koma jeri. Kuma ko a ƙasa da 19, taɓa gida ya nuna suna ne kawai, tabbatar da biya ya zama a wani maɓalli daban.

A lura da hitTest na CustomPainter: in ba ka rubuta shi ba, painter na baya yana karɓar taɓawa a duk murabba'in har da kusurwoyin da babu zane, foregroundPainter kuwa, wanda ke zane a saman child, ba ya karɓa ko kaɗan. Lissafin gidaje a ajiye shi a kilas guda da zane da taɓawa za su riƙa ɗiba daga gare shi. In aka rubuta shi wuri biyu, ranar da aka canza kauri a ɗaya za a manta da ɗayan.

Wanda ba ya gani, da wanda rana ta hana gani

Ga TalkBack, abin karanta fuskar waya ga makafi, CustomPaint fanko ne. Akwai semanticsBuilder, inda kake mayar da jerin CustomPainterSemantics, kowanne da murabba'insa da bayaninsa, kamar "hannu na 4, ya kwasa". Yana aiki, amma murabba'i yake karɓa, gidan zobe kuwa lanƙwasasshe ne, sai ka kimanta akwati a tsakiyar kowane gida, ka kuma rubuta shouldRebuildSemantics. Hanyar da ta fi sauƙi kuma ta fi amfani ita ce Semantics guda a kan zoben gaba ɗaya mai cewa "hannu 5 cikin 12 sun kwasa", bayanin kowane mutum ya fito daga jerin da ke ƙasa. Cewa babu abin da ke tuna wa mai rubuta manhaja wannan shi ne aibi mafi girma da nake gani a CustomPaint.

Launi ma haka. Ja da kore kaɗai ba su isa su raba wanda ya biya da wanda bai biya ba, akwai mutanen da ba sa bambance su, maza sun fi yawa a ciki. A ƙara wata alama: gidan da aka kwasa a cike, wanda bai kawo zubi ba a bar shi da layin gefe kawai. Sannan ranar Katsina a watan Afrilu tana wanke launuka masu laushi daga fuskar waya mai araha. Ƙa'idar WCAG, ta sauƙaƙa wa masu naƙasa amfani da intanet, ta nemi bambancin 4.5 bisa 1 ga rubutu, 3 bisa 1 ga zane. Toka-toka mai haske a kan fari, wanda ke da kyau a ofis, a bakin Ƙofar Ƙaura da azahar ba a ganinsa.

Abin da zai ci maka

Flutter kyauta ne, amma kafa shi na cin data. Shi da Android Studio kowanne ya haura gigabait ɗaya, ginin farko kuma Gradle, mai haɗa manhajar Android, zai sauko da nasa kaya. Kwamfuta mai RAM 8 za ta yi in an bar wayar kwaikwayo aka yi gwaji da ta gaske ta USB. Ɗaliban Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua ko Kwalejin Hassan Usman da ke koyo tare za su rage asara in mutum ɗaya ya sauko da kayan aka raba ta filashi. Wajen fitarwa, flutter build apk --split-per-abi yana raba fayil gida-gida, kuma na armeabi-v7a shi ne na ƙananan wayoyi masu 32-bit, kada a manta da shi in ta Xender ko WhatsApp za a raba manhajar. Google Play na karɓar dala 25 sau ɗaya, Apple dala 99 duk shekara, ginin iOS kuma sai da Mac. A burauza zanen zai fito daidai, amma injin CanvasKit ya haura megabait ɗaya kafin a ga komai, ga mai sayen data kaɗan-kaɗan wannan abin dubawa ne.

Gwajin hoto da matchesGoldenFile ya dace da irin wannan wijet sosai: a ajiye hoton zobe mai hannu 0, 1, 12 da 19, duk canjin da ya ɓata ɗaya ya bayyana. A san dai cewa a cikin gwaji haruffa akwatuna suke fitowa sai an loda salon rubutu da hannu, kuma hoton da aka ɗauka a Windows yana iya saɓa wa na Linux da 'yan fiksel, don haka a tsaya a kan injin guda.

Ga zobe, ma'aunin batirin sola, layin farashin gero, ko dagin Arewa a matsayin ado, CustomPaint shi ne zaɓin da ya dace, kuma ina ba da shawararsa ba tare da ɗar ba. Ga duk abin da Stack da Container da ClipPath za su iya, a bar shi, domin maɓallai da rubutun da ka sa a cikinsu suna zuwa da taɓawa da bayanin makafi a shirye. Idan kuma wijet ɗin yana buƙatar ya faɗi girman da yake so da kansa, ko ya jera 'ya'ya a kewayen da'ira, to ya wuce CustomPaint. Don jera 'ya'ya a fara gwada CustomMultiChildLayout, wanda ke ɗora wijet na gaske a duk inda ka lissafa. In bai isa ba sai a sauka zuwa RenderBox, inda kai za ka rubuta performLayout, ka kuma kira markNeedsPaint ko markNeedsLayout a duk inda wata daraja ta canza.